Bakin ya rufe, amma mai bakin yana ciki: fashin baƙi kan jinyar mai shanyewar ɓarin jiki

Kawuna ya faɗi ne yana alwalar asuba a gidansa da ke Bukoki, nan cikin Yamai. Butar ce ta fara suɓuce masa. Inna, matarsa, ta ji ƙarar ta leƙo, ta tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, baki ya karkace, hannun dama ya zube a cinya kamar ba nasa ba. Ta ce, "Alhaji, lahiya?" Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne "to". Mutumin da ya shekara talatin yana fataucin albasa tsakanin Galmi da Yamai, wanda in ya fara ciniki da Hausa sai ya ratsa Zabarmanci ya rufe da Faransanci, tun daga wannan asubar kalma ɗaya ta rage masa. In yana jin yunwa, to. In an ɓata masa rai, to, da ƙarfi.

Likitocinmu suna kiran wannan ciwo AVC. A unguwa kuwa za ka ji an ce tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi, ko iska ta buge shi, musamman in a makewayi aka tsince shi. Abin da yake faruwa a zahiri cikin kai yake, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiyar abinci, da jinin da ke zuwa mata kowane daƙiƙa take rayuwa. In gudan jini ya toshe wata jijiya, wanda shi ne ya fi yawa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala, to yankin da take shayarwa zai fara mutuwa cikin mintoci. Hannun kawu lafiyarsa lau, ƙashi da tsoka duk suna nan. Mai ba shi umarni ne aka kashe.

Jijiyoyin da ke saukowa daga kai suna gittawa ne, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yana juya ɓarin dama na jiki, na dama yana juya hagu. Magana kuma, ga mafi yawan mutane, a ɓangaren hagu take zaune. Shi ya sa za ka lura wanda damansa ta shanye sau da yawa bakinsa ma ya tafi, wanda hagunsa ta shanye kuwa yana magana, sai dai wani lokaci ya riƙa mancewa da duk abin da ke hagunsa, ya ci rabin kwano ya bar rabi yana zaton ya cinye. A 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majiyyaci a Paris da ya shekara ashirin ba ya iya faɗin komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu aka buɗe kansa, aka ga wurin da ya lalace a gaban ɓangaren hagu. Ranar da na karanta labarin nan dariya na yi, sannan na yi shiru. Nasa "tan", namu "to".

A 1874 wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana ɗaya nau'in ɓatan maganar: mutum yana zuba magana kamar famfo, amma kalmomin ba su haɗa ma'ana, kuma shi kansa ba ya fahimtar abin da ake gaya masa sosai. Irin wannan ne dangi suke saurin cewa ya taɓu, ko aljanu ne suke magana da bakinsa. Akwai kuma na uku wanda ba ɓatan kalmomi ba ne sam, leɓe da harshe ne suka yi nauyi, kalmomi suna nan a ransa amma suna fitowa a dagule. Shi wannan in ka ba shi takarda zai rubuta maka abin da yake so. Kawu mun ba shi takarda da biro a hannun hagu, ya daɗe yana kallonta, ya zana wani abu kamar ƙugiya, ya jefar. Ciwon ya ci karatu da rubutu tare da magana, don duk daga rumbu ɗaya ake ɗebo su. Kusan mutum ɗaya cikin uku da AVC ya kama yana samun wannan matsalar ta ɓatan kalmomi.

Kan sa'o'in farko ba zan daɗe ba, don mai karanta wannan mai yiwuwa sun riga sun wuce masa. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta dagule: a tafi asibiti nan take, ba a jira gari ya waye. Maganin da ke narkar da gudan jini sai cikin awa huɗu da rabi yake aiki, kuma sai an ɗauki hoton kai da sikana an tabbatar ba fashewa ba ce. Kada a ba shi asfirin a gida, in jijiya ce ta fashe ƙara zubar jinin zai yi. Mu na Yamai muna da Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da babban asibitin da ƙasar Sin ta gina aka ƙaddamar a 2016. Wanda ya faɗi a wani ƙauyen Adar, can wajen Tawa, kuwa, tsakaninsa da Yamai fiye da kilomita 500 ne, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso. Awa huɗu da rabi a gare shi labari ne. Abin da ya rage a hannun yawancinmu shi ne abin da za a yi bayan an sallamo mutum, kuma nan ne ake cin riba ko a yi asara.

An sallamo kawu bayan kwana goma sha ɗaya, da ordonas mai tsawo, wato takardar magani, da kalma ɗaya daga likita: kine, wato gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Muka shimfiɗa masa katifa a ɗaki, muka kunna fanka, muka shiga yi masa hidima irin wadda duk ɗan halak zai yi wa babba. Inna tana ba shi fura a baki. Ɗansa yana ɗaga shi, yana sa masa riga, yana sa masa hula. Kafin ya miƙa hannu an miƙo masa, kafin ya yi yunƙurin magana mutum uku sun faɗa a madadinsa. Sati uku muna haka, kowa yana yaba mana.

Mai kine ɗin da muka samo, wata matashiya da ba ta kai 'yarsa ta fari ba, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda ake ba shi abinci. Ta ce wa Inna, "Hajiya, hannunshi na hagu mi ya same shi?" Inna ta ce lafiya lau. Ta ce, "To ku ba shi ludayin." Inna ta ɓata rai, ta ce, "Alhaji da hagu? Ga mu zaune? Ku bar shi shi huta, ɗiyata." Ranar ba a rabu da daɗi ba.

Ita ke da gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take gyara kanta. Yankin da ya mutu ba ya dawowa. Amma maƙwabtansa suna iya koyon aikinsa, kamar yadda in ruwa ya cinye gada masu kabu-kabu suke fasa sabuwar hanya ta cikin gona: na farko da ƙyar yake wucewa, in an yi ta bi sai ta zama turba. Abin da ke fasa hanyar shi ne maimaici, yunƙurin da majiyyacin ya yi da kansa, sau ɗaruruwa. Tausa da man zafi suna da daɗi, suna sassauta jiki, amma motsin da wani ya yi maka ba ya koya wa ƙwaƙwalwa abin da naka yunƙurin yake koya mata. Kuma ƙofar ba a buɗe take daidai ba kullum. Wata ukun farko ne ake samun ci gaba mafi sauri, zuwa wata shida abin ya lafa, bayan nan ana ƙaruwa amma da guntu-guntu. Mu mun kashe sati uku daga cikin mafi tsadar kwanakinsa muna lallaɓa shi kamar ƙwai.

Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya nuna cewa gaɓar da ta yi rauni in aka daina neman ta da aiki, ƙwaƙwalwa tana koyon yin watsi da ita, ko da akwai sauran ƙarfi a cikinta. Daga nan aka samo dabarar ɗaure hannun mai lafiya na wasu sa'o'i don a tilasta wa raunanan aiki, ga waɗanda yatsunsu suka fara motsi. Ban ce kowa ya je ya ɗaure hannun tsohonsa ba, wannan aikin masu kine ne. Amma ma'anar ta shafe mu kai tsaye, don tarbiyyarmu gaba ɗaya ta ginu ne kan kada babba ya wahala yaro yana kallo. A wannan ciwon, kunyar nan tamu ita ce take ƙarasa abin da AVC ya fara.

Kafin a kai ga motsa jiki ma akwai abubuwa uku da suke kashe mutum ko su naƙasa shi a gida, kuma duk da hannun masu ƙaunarsa. Na farko haɗiya. Da yawa daga cikin masu ciwon maƙoshinsu ba ya rufe hanyar iska daidai a makonnin farko, sai abin sha ya zarce huhu. Wani zai ƙware ya yi tari, wani ko tarin ba zai yi ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya taso, numfashi ya yi nauyi. Ruwa tsararo shi ya fi saurin kuɓucewa, kunu mai ɗan kauri ya fi sauƙin sarrafawa a baki. A zaunar da shi tsaye sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa yana kwance, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama, a duba kumatun ɓangaren da ya shanye don abinci yana maƙalewa a nan, a wanke bakin. In muryarsa ta koma kamar mai kurkure bayan ya sha, a tsaya a gaya wa likita, wataƙila sai an sa tiyo ta hanci na ɗan lokaci. A nan dole in taɓo rubutu. Ba ni da ja da addu'a, mun yi wa kawu tofi safe da yamma. Amma kofin rubutu ruwa ne, huhu kuma bai san bambancinsa da ruwan randa ba. Wanda ba ya iya haɗiya, a shafa masa. Sannan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, tsoron ƙwarewa kada ya sa a bar shi da ƙishi, a riƙa lura da yawan fitsarinsa da launinsa.

Na biyu gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da kwatangwalo da diddige. Jan tabo ko duhun fata da bai gushe ba bayan an ɗaga shi, somin gyambo ne. Zufa da fitsari a kan ledar katifa suna gaggauta shi.

Na uku kafaɗa. Tsokar da ke riƙe ta ta saki, nauyin hannun kaɗai yana iya zare ta daga gurbinta. Mu kuma in za mu tayar da mutum hannu muke kamawa mu ja. Haka ɗan kawu ya riƙa yi, da kyakkyawar niyya, har kafaɗar ta kama ciwon da ya hana motsa hannun wata guda. Ana tallafo shi ne ta ƙugu da bayan allon kafaɗa, in yana zaune a ɗora hannun a kan matashi. Ruwan zafi na gashi ma a gwada da hannun mai lafiya tukuna, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Maganar kuwa, ita ce ta fi cin rai, kuma ita ce aka fi rashin masu koyar da ita. Mai kine za ka samu a Yamai da manyan garuruwa. Ƙwararren mai gyaran magana, wanda ake kira ortofonis, neman sa aiki ne, kuma in ka same shi kayan aikinsa da Faransanci aka tsara su. Saboda haka aikin ya dawo kan 'yan gida.

Abu na farko da muka koya da wahala shi ne kawu yana jin mu. Masu dubiya sukan cika ɗakin, su zauna a kansa suna cewa, "Wayyo, Alhaji ya ƙare, haka wane ya yi kafin shi rasu." Wani ya sunkuyo ya daka masa tsawa a kunne kamar kurma: "Ka gane ni? Wane ne ni?" Shi kuwa ya gane shi sarai, har bashin da yake binsa ya tuna, sunan ne ba ya zuwa. Sai ya juya fuska bango. Daga baya muka sa doka: mutum biyu-biyu, minti kaɗan, a gaishe shi kamar yadda aka saba gaishe shi, ba jarrabawa. Wasu sun ji haushi, har aka kai ƙararmu Tawa wajen 'yan'uwa. Dubiya lada ce, amma mutum goma suna magana lokaci ɗaya ga rediyo yana yi, ga mai wannan ciwon kamar tsakiyar kasuwar Katako ne.

Yadda ake yi masa magana shi ne mutum ɗaya, gaba da gaba, jimla gajera, da muryar da ake yi wa babba. A yi tambayar da amsarta i ko a'a ce, a nuna abin da hannu. A sani kuma i da a'a ɗin ma suna iya musanya a bakinsa, don haka a tabbatar: ga shayi, ga kunu, nuna. Sai abu mafi wuya, wato jira. In ya fara laluben kalma, ka ƙirga goma a ranka kafin ka taimaka, in za ka taimaka kuma ka ba shi farkonta kawai. "Bu..." sai ya ce "buta". Wannan "buta" da ya ciro da kansa ta fi guda hamsin da aka faɗa masa ya maimaita.

Akwai wata ƙofa ta baya da ciwon yakan bari a buɗe. Abin da baki ya haddace tun yarinta, ƙirga, gaisuwa, waƙa, addu'a, ba a ajiye yake wuri ɗaya da maganar da mutum yake ƙirƙira ba. Wata magariba ɗansa yana salla kusa da shi ya ɗaga murya da Fatiha, sai muka ji kawu ya kama daga "Arrahmanir Rahim" ya kai har ƙarshe, harafi bai faɗi ba. Inna ta fashe da kuka, ta ce baki ya buɗe. Aka idar, ta ce ya faɗi sunanta, ya ce "to". Ba warkewa ba ce, amma mafari ce. Likitoci a Boston sun gina wata hanyar koyarwa a kan wannan tun 1973, inda ake rera gajerun jimloli da kari ana buga hannun hagu, a hankali a janye waƙar a bar maganar. Mu ma haka muka yi da namu: "ina kwana", "ba ni ruwa", "na gode", ana rerawa kamar talla. Ta wannan ƙofar ce kuma ashar yake fitowa. Dattijon da bai taɓa zagi ba sai ka ji ya auno wanda ya girgiza ɗaki. Kada a yi masa wa'azi, shi ma kunyar yake ji. Wani abin mamaki, gaisuwar Zabarmanci ta riga ta Hausa dawowa a bakin kawu, Faransancin kuwa har yau bai leƙo ba. Masu harsuna da yawa ba lallai su dawo musu tare ba.

Wata na biyu ya daina cin abinci sosai, ya daina yarda a zaunar da shi, mai kine ta zo ya rufe ido. Muka ce taurin kai ne. Baƙin ciki ne irin na ciwo, wanda yake kama kusan kashi ɗaya cikin uku na masu AVC, kuma yana da magani a asibiti. A bambanta shi da kukan da yake ɓarkewa ba dalili ya wuce cikin minti ɗaya, wanda shi lalacewar birkin ƙwaƙwalwa ne kawai. Abin da ya fara ɗago kawu abu biyu ne. Limamin unguwa ya zo ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, ya nuna masa taimama da hannu ɗaya. Ashe rashin sallar yana cinsa, ba shi da bakin faɗa. Na biyu, muka fara fitar da shi fada da la'asar a kan kujera, inda abokansa suke dafa shayi. Ba ya cewa komai, amma in aka yi musu kan farashin buhu yana girgiza kai ko ya ɗaga yatsa, kuma ana juyowa a dube shi.

Ita Inna ba wanda ya tambayi lafiyarta sai da ta faɗi da ciwon baya. Haka abin yake a gidajenmu: 'ya'ya maza suna Abijan ko Libiya wajen bida suna turo kuɗi, suna bugo waya suna ba da umarni, juyi duk awa biyu da wankin zanin gado kuwa suna kan mace ɗaya. Kuɗin ma yakan zo da yawa a makon farko, lokacin da hankali ya tashi, ya ƙafe a wata na uku, daidai lokacin da kuɗin kine da na taksi suka fi amfani. In da za a tambaye ni, ɗan da ke waje ya ɗauki nauyin kine na wata shida a jere, ya fi ya turo rago a yi sadaka rana ɗaya. A raba dare tsakanin mutum biyu ko uku, a rubuta a manna a bango. A koyi motsa jikin daga mai kine a riƙa yi kullum, don zuwanta sau biyu a mako duba aiki ne, aikin kansa a tsakar gida ake yinsa: tashi daga kujera da zama, ɗora nauyi a kan ƙafar da ta shanye, ɓare gyaɗa, jan tasbaha, ɓalle maɓallin riga.

Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an auna an ga tansiyo ta sauka. Maganin ne ya saukar da ita. Wanda AVC ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin na biyu, kuma hawan jini ne babban mai jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Inna ta koma daddawa da albasa da tafarnuwa, kawu ya yi fushin sati biyu, ya haƙura.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Yana tafiya da sanda har masallaci, yana jan ƙafar dama kaɗan. Ƙafa dama takan riga hannu dawowa, kuma hannun nasa bai dawo ba, sai dai ya danne takarda da shi ko ya riƙe leda. Ko sati ukun nan da muka ɓata da sun canza wani abu, Allah ne masani, ni dai nakan tuna su. Kalmominsa sun kai ya nemi abin da yake so, ya yi gaisuwa, ya kira Inna da sunan da yake kiranta, amma labari mai tsawo ya fi ƙarfinsa, in ya gaji kuma "to" ɗin ce take dawowa.

Makon jiya a fada ya ba wani yaro jika ɗaya ya sayo sukari da ganyen shayi. Yaron ya dawo ya zuba masa canji a tafin hagu. Kawu ya baza kuɗin a cinya, ya tura su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, ya ɗago ya dubi yaron. Bakinsa ya yi ta motsi, mu duka muka yi shiru, mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Can ya ce, "Saura... dala... goma." Yaron ya laluba aljihu, ya ciro ta.